Jarka Mai Jan Murfi

Motar ba ta gama tsayawa a tashar Ƙanƙara ba Inna Barakatu ta zura ƙafa ƙasa.

Direba ya ce, "Hajiya, a hankali mana. Asibitin ai ba gudu zai yi ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta gyara jarkar da ta rungumo a ƙarƙashin mayafi, ta kama hanya. Kwana biyu kacal ta yi a Faskari wajen 'yarta da ta haihu. Kwana biyu! Da safen nan ta dawo Pauwa ta tarar da ɗakin ɗanta Mas'ud a buɗe, tabarma a naɗe, jikoki a maƙwabta. Aka ce mata tun jiya matarsa Suwaibatu ta samo mota ta kai shi asibiti. Ba wanda ya iya gaya mata, don watanni biyu ke nan da aka datse layukan waya a yankin nan gaba ɗaya. Labari sai wanda ƙafa ta kawo.

Cikin 'ya'ya tara da Inna ta haifa, huɗu suka tsaya, kuma Mas'ud ne kaɗai namiji. Sana'arsa feshi. Ya goya inji a baya, ya bi gonakin wake na mutane tun daga nan Pauwa har Damari, ya dawo rigarsa sharkaf da maganin ƙwari. Saboda haka ma ita ba ta taɓa sake da shi ba. Kullum bayan asuba sai ya sha kofi guda na jiƙonta kafin ya fita: saiwar rawaya, da sassaƙen marke, da ganyen zogale, da 'yar tsamiya don ɗaci. Shekara arba'in tana ba da maganin shawara, ta gaje shi wajen uwar mijinta. Tana iya lissafa maka mutanen da suka zo gidanta idanu kamar an shafa masu manja suka koma garas, da waɗanda suka dawo suka yi godiya, da waɗanda har yau ba su dawo ba.

Kuma abu ɗaya da kowa ya sani a Pauwa, mai shawara ba a yi masa allura. Ƙanin mijinta da ido biyu aka tafi da shi, aka yi masa allura, a kan tabarma aka dawo da shi.

Ta same su a ɗakin maza, gado na ƙarshe wajen taga. Da farko ba ta gane shi ba. Kwana biyun nan kamar an ɗebe masa nama an zuba masa a ciki. Cikin ya taso, fuska ta zabge, fatar nan ta yi ɗorawa har tafin hannu. Sai idonta ya faɗa kan bayan hannunsa. Allura ce a kafe, an manne ta, siririn tiyo ya haura sama zuwa ledar ruwa.

Suwaibatu ta zame daga kujera ta durƙusa. "Inna, sannu da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Wa ya aike ki?"

"Inna, jini ya fara amayarwa. Bai ma san wanda ke kansa ba."

"Na ce wa ya aike ki? Na mutu ne? Faskari lahira ce, da ba za ki iya jira na ba?" Muryarta ba ta ɗaga ba, don akwai mutane, amma kowace kalma sai da ta ciza. "Shekara goma sha ɗaya kina gidana. Wankan jegonki huɗu, ni na dafa ruwan. Ranar da uwarki ta rasu ni na tsaya kan tukwane. Abin da za ki saka mani da shi ke nan? Ki kawo mani yaro a kashe?"

Ta ajiye jarkar a ƙasa, ta miƙa hannu za ta zare allurar.

Suwaibatu ta riƙe mata wuyan hannu.

Tun da aka kawo yarinyar nan gidan ba ta taɓa haɗa ido da Inna ba, balle hannu. Ga shi yau ta riƙe gam, hawaye na zuba, amma ba ta saki ba.

"Ki yi mani duk abin da za ki yi, Inna. Ki tsine mani ma. Amma wannan ba za a cire ba."

"Salamu alaikum. Ashe yau babbar likita ce ta kawo mana ziyara?"

Wani saurayi ne dogo da farar riga a kan kaftani, biro a aljihu. Likita Salahuddeen, shi ya karɓe su jiya. Ya rusuna ya gaishe da Inna yadda ake gaida uwa, ya tambayi hanya, ya tambayi mai jego, alamar Suwaibatu ta ba shi labari. Wannan ya ɗan sanyaya ta. Yaro mai gaisuwa ba a rasa uwa a gidansu ba.

"Ni ɗan Faskari ne, Hajiya," in ji shi. "Kakata ta ɗura mani rawaya har na gaji. In na ga kofin nan sai in haye katanga. Zo mu zauna a waje, ki koya mani abin da kika haɗa masa."

"Ka cire allurar tukuna."

"In na cire, ba zai kai la'asar ba. Ba tsoratar da ke nake ba. Ba ya iya riƙe komai a ciki, wannan ruwan shi ke riƙe da shi." Ya sassauta murya. "Waɗanda kika ga an yi wa allura sun rasu, Hajiya, sai da ciwo ya gama cin su aka kawo mana su. Mu ne na ƙarshe da muka taɓa su, sai laifin ya zama namu."

Ba ta yarda ba. Amma ta ɗauki jarkarta ta bi shi.

Suka zauna a kan benci a baranda. Ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye ba, don ba abin kunya a ciki. Inda take haƙo rawaya a bakin fadama, da yadda take shanya ta a inuwa ba a rana ba, da yawan marken da take sawa. Yana ji yana gyaɗa kai.

"Kin san har a makaranta mun yi aiki da rawaya? A daka saiwar, a tace, a fitar da ruwanta. Sai a samo ɓeraye, a ba waɗansu ruwan rawaya, waɗansu a hana su. Sannan a ba su duka guba mai ɓata hanta."

"Ɓeraye?"

"Farare tas, Hajiya. Har abinci ake auna masu."

"Allah mai iko. Mu muna neman abin kashe su, ku kuna yi masu jinya."

Ya yi dariya. "To, da aka duba, waɗanda suka sha rawayar hantarsu ba ta lalace kamar ta sauran ba. Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma har yanzu ba a gama sanin ma'auninta ba. Amma iyayenmu ba a banza suka riƙe ta ba."

Inna ta gyara zama. Rabon da wani mai farar riga ya faɗi haka a gabanta, ba ta ma taɓa ji ba. Ta yaye mayafi ta fito da jarkar, ta ɗora a kan benci tsakaninsu.

"To ga shi. Sabo ne, ran Juma'a na jiƙa. Ka bari in ba shi ko cokali uku."

Likita bai taɓa jarkar ba tukuna. Kallonta kawai yake. Farar jarka ce mai jan murfi, an kankare takardar jikinta tas, amma a gefe akwai ɗan layi mai alamomin awo. Dariyar da ke fuskarsa ta tafi.

"Hajiya, a ina kika samo wannan?"

"Tashi ce. Ta maganin feshinsa, in ya ƙare. Ai babu kamarsu, murfinsu ba ya yoyo. Da a gora nake zuba wa masu karɓa, to gora ba ta jure babur, kwana biyu ta fashe. Yanzu kowa shi ke kawo mani tasa in cika mashi."

"A ciki kike jiƙawa?"

"A ciki. Kwana uku, a rana, don ya tsumu." Ta ga yadda yake kallonta, ta ɗaga murya. "Kai yaro, kada ka ɗauke ni ƙazama. Da toka da ruwan zafi nake wanke su, sau uku. In sa lemun tsami. In kife su a kan danga su sha rana. Ka tambayi kowa a Pauwa, ko kwanon cin abincina bai kai su tsabta ba."

Ya buɗe murfin ya kai hanci, ya kau da kai. Sai ya miƙa mata.

"Shinshina. Ba ɗacin ba, abin da ke ƙarƙashinsa."

Ta san warin. Ta daɗe da saninsa, wani ɗan wari kamar na kananzir, mai kama maƙogwaro. 'Yan feshi har yabonsa suke, su ce jiƙon Inna da ƙarfi yake, tun daga hanci kake jin aikinsa.

"Roba tana sha, Hajiya," ya ce a hankali. "Maganin yana shiga cikin naman jarkar, toka ba ta kai can. In kika zuba ruwa mai tsami kika ajiye a rana, sai ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Shekara nawa yana sha daga irin wannan?"

Ta ƙirga a zuci. "Damina huɗu."

"Kullum?"

"Ban taɓa bari ya tsallake ba." Sai ta ƙara da cewa, "Da idonsa ya fara canzawa, sai na ninka masa. Safe da yamma."

Wata mata ta wuce da kwanon koko. Can waje mai rake yana kiran ciniki. Inna ta zuba wa jarkar ido. Ita da hannunta ta kankare takardar da wuƙa, ta tuna har da hoton ƙoƙon kan mutum da ke jiki, ta ce wa Mas'ud wannan mummunan abu ba zai zauna mata a gida ba.

"Ni na kashe shi ke nan."

"Ban ce haka ba, kuma bai mutu ba. Yana feshi ba abin rufe hanci, rigarsa jiƙe a jikinsa yini guda. In jiki ya yi ciwo ya watsa ƙwayoyi huɗu, biyar, matarsa ta faɗa mani. Duk waɗannan hanta ke ɗauka. Ba zan iya ce maki ga rabon jarka, ga rabon gona ba."

"Amma tana da rabo."

Da ya yi mata ƙarya da ta gane, shi ma ya san haka.

"Tana da shi."

"Zai tashi?"

"Daren yau ne zai nuna. In ya kai safe, zan rubuta takarda a wuce da shi Katsina. In da hali, kada ki yi nisa." Ya mayar da murfin ya ɗaure. "Kin ce kowa ke kawo tasa. Su nawa ne?"

Ba ta buƙaci tunani ba. Gida bakwai. Ta san su ɗaya bayan ɗaya, da ranar da kowa ya fara zuwa. Tana cikin jerawa a zuci ta iso kan Gide, ɗan maƙwabcinta, abokin feshin Mas'ud. Ran Juma'a da ya zo karɓa ta ja masa fatar ido ta ga ta fara rina. Ita ta ce wa matarsa Adama a ninka masa, safe da yamma. Ita ta ce mata, ko uwarsa ce ta ce a kai shi wajen masu allura, kada ta yarda.

Ta ɗaga kai ta dubi rana. Motar Pauwa ta ƙarshe kafin la'asar take tashi. Daga nan ba direban da ke bin hanyar, ko nawa za a ba shi, sai kuma gobe in rana ta ɗaga.

Suwaibatu na tsaye a bakin ƙofa, ashe ta ji komai. Likita ya ɗauki jarkar ya ba su wuri.

"Inna, ni nake zuba masa." Suwaibatu ta matso kusa. "Ranar da ya ce ba ya so, yana jin amai, ni na ce in bai sha ba zan gaya maki."

"Rufe mani baki."

"Da hannuna..."

"Na ce rufe baki. Ke aike ki aka yi. Wannan nawa ne, ba na raba shi da kowa." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Gide na can yana sha. Yau da magariba Adama za ta ƙara masa, gobe da asuba ta ƙara."

"A ba direba saƙo mana."

"Wa zai zubar da jiƙona a kan maganar direba? Ni na ce masu ko likita ya hana kada su ji. Bakin da ya ɗaura shi ke kwancewa."

"To ni in je, ke ki zauna da shi."

"Ke? Su ce matar ɗa ce ta samu hanyar ɓata tsohuwa." Ta girgiza kai. "Kuma ke kika iya riƙe hannun mutum in zai yi ɓarna. Nan ne wurinki."

Suka koma ciki. Mas'ud ya buɗe ido, idanun nan sun yi ɗorawa, yana ta kallon sama kafin ya gane ta.

"Inna. Kin dawo?"

"Na dawo, Mas'udu."

"Me aka samu?"

"Mace."

"Madalla." Ya lashi leɓe. "Bakina ɗaci. Kin zo mani da jiƙon? In na sha shi nakan ji dama."

Tun yana goye bai taɓa roƙonta abu tana da shi ta hana ba. Ta zauna a bakin gado, ta karɓi kofi daga hannun Suwaibatu, ta tsoma yatsa a ruwa ta shafa masa a leɓe.

"Babu jiƙo yau."

"Ya ƙare?"

Ta so ta ce e. Kalma ɗaya ce, kuma da ya yarda.

"Bai ƙare ba. Jarkar ce ba ta da kyau, Mas'udu. Gubar feshinka na cikinta, ni kuma ina ta ba ka. Ban sani ba. Ka yafe mani."

Ya daɗe yana kallonta. Ba ta san ko maganar ta shiga ba. Can ya ɗan motsa baki kamar mai son dariya.

"Ai ni na kawo maki ita, Inna. Har kika ce in ƙaro biyu." Ya lumshe ido. "Ke za ki yafe mani. Na sha wahalar da ke."

"Na yafe maka duniya da lahira."

"Kada ki tafi."

Ta riƙe hannun, wanda allurar ke ciki, ta bi bayan yatsunsa da babban yatsanta a hankali don kada ta motsa ta. Ta zauna har numfashinsa ya daidaita, har hannun ya saki nata. A masallacin asibiti wani ya fara gwada lasifika.

Ta miƙe. Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro guda da ta taho da shi daga wajen suna, ta sa wa Suwaibatu a hannu, ta rasa abin da ya sa ta yi hakan.

"In ya farka ya tambaya, ki ce na je gidan su Gide. Kada ki ce masa na fita alwala. In kuma..." Ta tsaya. "Ki juya shi gabas. Ki yi ta faɗa masa kalmar shahada a kunne, ko kin ga kamar ba ya ji. Sai ki samu mai babur ki aiko."

"To, Inna."

"Kin yi daidai da kika kawo shi."

Ba ta jira amsa ba.

Ita ce ta cike motar. Direban ɗazu ne, ya buɗe baki zai yi mata tsiya, ya ga fuskarta ya fasa. Aka wuce shingen sojoji, aka wuce gonakin wake sun yi shar, can cikin wata gona wani mutum goye da inji yana ta feshi, iska na maido masa a fuska.

Rana ta yi ja lokacin da ta sauka a Pauwa. Ba ta biya gida ba. Ta yi sallama a gidan su Gide, ta tarar da shi kwance a tsakar gida a kan buhu, Adama na tankaɗe. Ga jarkar can a gindin randa, fara mai jan murfi, kofi kife a kanta.

"Lale, Inna! Ya mai jiki? Kin zo a daidai, yanzu nake cewa in tashi in ba shi na yamma."

"Aje kofin nan. Miƙo mani jarkar."

Adama ta miƙo tana murmushi. "Sabon haɗi za a yi mana?"

"Gide, gobe motar farko za ka bi zuwa Ƙanƙara. In sun ce allura, ka miƙa hannu."

Gide ya ɗago a kan gwiwar hannu. "Allura, Inna? Ke da bakinki?"

"Ni da bakina. Adama, leƙa ki kira mani uwarsa. Ki aika masallaci, in an sallame duk mai jarkata ya zo da ita ƙofar gidan nan. Sau ɗaya zan faɗa, ina so kowa ya ji daga gare ni."

Adama ta tsaya da rariya a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi tsohuwar. Sannan ta ja mayafi ta fita.

Inna ta zauna a kan turmi da jarkar a cinya. Daga can wajen hanyar Ƙanƙara aka fara jin ƙarar babur, shi kaɗai, a lokacin da ba mai bin hanyar. Gide ya juya kai yana saurare.

"Kamar nan ya nufo, Inna."

"Na ji," in ji ta. "Ɗago in ga idon naka."